Motar Sista Rifkatu

Ku ajiye wayoyin nan ku matso cikin inuwa, rana ta take. Ɗazu ina jin ku a bayan keken nan mai caji, ɗayanku yana cewa wai aikin rewaya, gyaran wutar mota, ya zama na malalata, tunda yanzu na'ura ake soka wa mota ta faɗi abin da ke damunta. Ban ce ya yi ƙarya ba. Na'urar tana faɗa. Amma akwai ranar da za ku soka ta, ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, can sai ta rubuta muku cewa babu wanda ya amsa. Ga mai mota a tsaye a kanku da makulli a hannu. Ranar ce za ku san ko kun koyi sana'a ko kuwa inuwa kuka zo sha.

Ni a hannun Oga Fidelis na koya, a wata rumfar kwano a bayan tashar mota. Mutumin Kudu ne, ya zo Bauchi tun yana saurayi, ya tsufa a nan. Hausarsa babu mace a cikinta. Mota namiji ce a wajensa, wuta ma haka, har matarsa. In aka turo mota ta ƙi tashi, sai ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet kamar mai duba zazzaɓi, ya ce, "Sabo, wannan mota bai mutu ba. Yana barci ne."

Kayan aikinsa ba su cika jakar buhu ba. Filaya, sukudireba guda biyu, ƙarfen narka dalma da muke gasawa a kan risho, da kwan gwaji. Kwan gwajin nan shi ne komai. Ƙaramin kwan fitilar mota ne, an ɗaura masa waya a gefe ɗaya, allura a ɗaya gefen. Ka maƙala wayar a jikin mota, ka soka allurar inda kake zato. In ya kama, akwai wuta. In bai kama ba, ka koma baya. Har yau in na rufe ido da azahar ina ganin ɗan jan hasken nan a ƙarƙashin sitiyari, ina jin ƙaurin dalma da warin ruwan batir, kwanon rumfa yana ƙas-ƙas don zafi, can nesa jirgin ƙasa yana kuka.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ce mai jigilar masara zuwa Kasuwar Muda Lawal. Ciwonta abin dariya ne. In direba ya taka birki, fitilun gaba su dushe, sigina ta kama, wani lokaci har hon ya yi ɗan nishi. Na bi wayoyin fitila, lafiya. Na bi na birki, lafiya. Na canja fiyus, na canja kwan, na kwance makunni na mayar. Tun safe har inuwa ta juya ina ƙarƙashin motar nan, ƙwayoyin masara suna zubo mini a wuya. Oga yana zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa. Da ya ga na fito na zauna a ƙasa, sai ya taso ya zagaya bayan motar, ya kwance noti guda, ya kankare tsatsar da ke ƙarƙashinsa da bakin wuƙa, ya ɗaure. Ya ce direba ya taka. Komai ya koma daidai.

"Kai kana bin hanya da wuta yana tafiya," in ji shi. "Ba ka bin hanya da yana dawowa. Wuta yana son ya koma batir. In ka toshe masa, zai bi ta gidan maƙwabci."

Bayan hannu, abin da Oga ya fi gina mini shi ne kunne. A zamanin motocin kabireta, tun daga bakin titi nake sanin abin da aka kawo mini. Kik, abin tayar da inji, mai jan numfashi daban, wanda ya ce ƙas ya yi shiru daban, altaneta mai cajin batir in tana kukan sauro daban. Da haka na yi aure, da haka na buɗe wannan gareji, da haka na rako Oga Fidelis tasha ranar da ya tattara ya koma garinsu. Ya bar mini kwan gwajinsa. Na yi shekaru masu yawa ina ganin babu abin da mota za ta nuna mini kuma.

Sai shekarar da fetur ya fi ƙarfin mutane. Kuna nan, amma kuna makaranta, ba ku ga yadda garejin nan ya koma ba. Mutane suka jingine motoci a gindin mangwaro, suka lulluɓe da tamfol, tayoyi suka yi ta sacewa a hankali. Ma'aikacin da yake zuwa mini duk wata sai na gan shi a bayan keke, ya ɗaga mini hannu daga nesa. A nan inda kuke zaune akwai wata mota da mai ita bai dawo ya ɗauka ba, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka girma a ciki. Bakaniken da ke gefena ya koma gona a hanyar Dass. Mai fenti ya koma sayar da fitilun sola. Ni kuma na koma gyaran fanka da tocila da rediyo. Wata rana sai in yini ban taɓa komai ba, ina kallon gajimare yana hawa kan duwatsu yana sauka, har a kira la'asar.

A cikin irin wannan zaman ne, wata yamma a Gwallameji, ina tafiya a ƙafa, wani abu ya wuce ni ta gefen dama. Mota ce fara, da mutum a ciki, tana tafiya. Babu ƙara, babu hayaƙi, sai ɗan sautin taya a kan yashi. Na tsaya cak. Na ɗauka kunnena ne ya tafi. Sai da akuya ta yi kuka a kusa na ji ta sarai, sannan na gane motar ce ba ta magana. Na bi ta da kallo har ta shige wani get. A ranar na san in irin waɗannan suka yi yawa a gari, kunnen da na yi rayuwa da shi ba shi da sauran aiki.

Wanda ya buɗe mini ƙofa shi ne Malam Auwal, mai koyar da lantarki a Yelwa. Na daɗe ina gyara masa tsohuwar motarsa. Na je na same shi na ce, "Malam, ina so in koma ɗan koyo." Bai yi dariya ba. Ya ce shi ma ya san abin a takarda ne, bai taɓa kwance ko noti ɗaya a jikin irin motar ba, don haka mu haɗa. Duk Asabar sai ya zo da zanen wayoyi, mu shimfiɗa a kan bonet, ya bi layi da biro, ni in bi waya da yatsa. Shi ne ya sa ni na sayi safar hannu ta roba mai kauri, ya koya mini in hura mata iska in saurara kafin in sa, ko ta huje. Shi ya nuna mini wayoyi masu ruwan lemo ya ce, "Baba Sabo, duk wayar da ka taɓa sani in ta ji haushi yatsa take ƙonawa. Wannan ba ta jan kunne." Kun ga ba na wasa da ku a kan wannan. Wanda na kama ya kai hannu wajen wayar ruwan lemo ba safa, ba a cire makullin babban batir ba, ranar zai koma gidansu da rai, amma ba zai dawo nan ba.

Wani Alhaji a Gwallameji ya taɓa kirana da sassafe, ransa a ɓace. Ya kwana yana caji, batir ya cika, amma mota ko ƙofa ta ƙi buɗewa. Ya riga ya fara maganar mayar da ita inda ya saya. Na buɗe gaba na nuna masa wani ƙaramin batir, irin wanda ke cikin kowace mota. Ya ce, "Wannan kuma na mene ne?" Na ce shi ne mai tashin babban. Babban batir yana kwance a ƙarƙashin mota, a kulle, ba ya sakin wuta sai ƙaramin ya buɗe masa. In ƙaramin ya mutu, ko babban ya cika ya batse, ba inda za a je. Na sa masa sabo, ya taka birki ya danna makunni, sai muka ji ƙas, ƙas, daga ƙarƙashin kujera, koren haske ya kama. Wannan ƙas ɗin ita ce ƙarar da ta rage wa irina a duk jikin motar. Ku koyi jin ta. Yawancin motocin da za a kawo muku sun ƙi tashi, a ƙaramin batir maganar take ƙarewa.

Waɗanda ba su ƙare a nan ba su ne aiki. Cikin motar akwai akwatuna da yawa, kowanne da ƙwaƙwalwarsa: na batir, na birki, na caji, na tuƙi, na allon da ke gaban mota. Dukansu a kan waya biyu suke magana, sirara, a murɗe da juna kamar igiya. Kafin mota ta yarda ta motsa sai sun gaisa, kamar dattawa a zaure, kowa ya ce lafiya. In ɗaya bai amsa ba, ba a tashi. In kuma wayoyin biyu suka haɗe, ko wani akwati ya lalace ya danne layin, to babu mai jin wani. Na'urarku ma baƙuwa ce da ta yi sallama a ƙofar zauren. In na ciki ba sa jin juna, wa zai amsa mata?

Irin wannan ce motar Sista Rifkatu. Sista Rifkatu tsohuwar ungozoma ce a asibiti, ta yi ritaya, tana zaune a Yelwa da mijinta Baba Yakubu. Ita ta karɓi haihuwar 'yata ta biyu, don haka da ta aiko ban tsaya tambaya ba. Damina ta yi nisa a lokacin. Na tarar da motar a tsakar gida a gindin gwaiba, ƙarama, shuɗiya, ganye ya manne a gilashi. Baba Yakubu yana zaune a baranda a kujerar roba, an rufa masa zane a ƙafa. Ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ba ta fita sosai. Ya ɗaga mini hannun da ke aiki.

"Malam Sabo, sannu da zuwa. Ya iyali? Ya 'yata?"

"Lafiya lau, Sista. Ita ma ta haihu."

"Kai, duniya. To ga ta nan. Iliya ne ya kawo mana ita da Kirsimeti."

Iliya ɗansu ne, shi kaɗai ne namiji, yana aiki a Legas. Da ya ga fetur ya hana uwarsa kai ubansa asibiti gashin ƙafa, sai ya kawo wannan motar, ya sa musu sola a rufin gida don caji. Ya koma bakin aiki, kafin zafi ya wuce ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, ya rasu. Na ji labarin a gari, na je gaisuwa. Tun daga lokacin motar take tsaye. Yanzu likita ya ce in aka ci gaba da fashin gashi, ƙafar Baba za ta sandare gaba ɗaya, shi kuma keke yana jijjiga shi har ya kwana yana nishi. Masu gyara biyu sun zo kafin ni. Na farko ya canja ƙaramin batir. Na biyu ya ce sai an cire allon gaba an sa sabo, ta ce ya bari tukuna. Ba ta faɗa mini dalili ba, ni kuma ban tambaya ba.

Na gwada ƙaramin batir, lafiyarsa ƙalau. Na taka birki na danna. Fitilun gaban direba suka kama birjik, ja da rawaya, amma babu ƙas. Na soka na'ura a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari. Ta yi juyinta ta ce babu amsa. Sai na mayar da ita jaka, na cire kan ƙaramin batir, na jira motar ta yi barci sosai, na ɗauko mita. Wayoyin maganar nan biyu, in lafiya suke, mita tana nuna sittin a tsakaninsu. Na ɗora. Kusan babu komai. Wato a wani wuri cikin jikin motar nan, wayoyin sun haɗe.

Daga nan babu wata dabara sai haƙuri. Ka maƙala mita inda za ka riƙa ganinta, ka bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ka zare soket, ka duba, ka mayar. Na sa safa na cire makullin babban batir, na fara daga baya. Na ɗaga kujera, na ɗaga kafet. Ruwa ya sauko, irin yayyafin nan da ba ya ɗaukewa, Sista ta ba ni tamfol na ɗaura a reshen gwaiba. A cikin motar shiru kamar cikin rijiya. Gilasai suka yi hazo, duniya ta koma kore-kore, ba na jin komai sai ɗigon ruwa a kan tamfol da numfashina. Na zare na caji, mita ba ta motsa ba. Na zare na birki, haka. Wani lokaci sai in ɗago in ga Baba Yakubu ta cikin hazon gilashi, yana nan yadda na bar shi, yana kallon motar, kamar dukanmu a cikin ruwa muke zaune. Na tuna da Oga Fidelis da gyaɗarsa. Na ce a raina, Oga, yau ga mota mai barci na gaske, zo ka ɗora hannu.

Sai bayan la'asar na iso gaba. Na ɓalle murfin da ke kewaye da allon, na zura hannu ta baya, na lalubo soket na zare. Mita ta yi tsalle ta tsaya a sittin. Na mayar da soket, ta faɗi. Na sake zarewa, ta hau. Na bar shi a zare, na mayar da makullin babban batir, na ɗaura kan ƙaramin, na zauna a mazaunin direba na taka birki na danna. Ƙas, ƙas. Koren haske.

Na leƙo na ce, "Sista, motarki ta tashi."

Ta fito daga kicin tana goge hannu a zane. Ta zagayo ta sunkuya ta leƙa. Ba koren hasken ta kalla ba.

"Allon fa?"

"Shi ne mai ciwon. Shi ya hana sauran jin juna. Na raba shi da su. Mota za ta kai ki duk inda kike so, rediyo ne kawai da kyamarar baya ba za ki samu ba. In an samu sabo sai a sa."

Ta ɗago. Sannan ta buɗe ɗaya ƙofar ta shigo ta zauna a gefena, ta ja ƙofar, kamar ba ta so maganar ta kai baranda.

"Malam Sabo, akwai muryar Iliya a ciki."

Ta ce motar tana da wurin da mutum zai ɗauki muryarsa, duk lokacin da aka tayar da ita sai ta gaishe shi da ita. Ranar da zai koma Legas ya zauna a nan inda nake zaune, ya rufe ƙofa, ya ɗauki wata magana, yana ta dariya shi kaɗai. Bayan an binne shi da 'yan kwanaki ta shiga za ta kai Baba asibiti, ta danna, sai ga Iliya. Ta kashe motar ta fita, ba ta sake buɗe ta ba. Da ta ji ta shirya, wata da watanni sun wuce, ta zo ta danna, motar ta ƙi.

"Ban san ko yana nan ba har yanzu," in ji ta. "Amma in aka sa sabo, na san babu shi." Ta duba baranda. "Bar shi a zare. Gobe akwai gashi. Ƙafar mai rai ta fi."

Na ce gobe ta kai Baba, ni kuma zan cire allon in duba cikinsa. Ta ce ta yarda, amma kar allon ya bar gidan.

Da daddare ban yi komai a kai ba, sai da safe na biya wajen Malam Auwal. Ya saurare ni ya ce abu biyu ne. Ko dai ɗan ƙaramin abin da ke yi wa allon magana da layi ya ƙone a ciki, wanda sai an aika Kano ko Legas, su kuma galibi farantin ciki suke canjawa gaba ɗaya, abin da ke ajiye a kai ya tafi. Ko kuwa wani abu ne ya haɗe ƙafafun soket ɗin daga ciki. "Ka yi addu'a na biyun ne," in ji shi. Ya zana mini a bayan ambulan ƙafafun da zan gwada, da inda ba zan kai ƙarfe mai zafi ba ko kusa.

A teburin falonta na yi aikin, bayan sun dawo daga asibiti. Ta shimfiɗa mini farin zane don kada sukurori su ɓace. Na kwance bayan allon a hankali, na ɗaga murfin. Sai ga ƙasa. Gidan zanzaro ne, ɗan dunƙule kamar yatsa, an gina shi tsaf a kan ƙafafun soket ta ciki. Ta ramukan shan iska ya shiga, a watannin da motar ta yi a tsaye. Damina ta jiƙa ginin, ya riƙe laima, jan ƙarfen da ke ƙasa ya yi kore, koren ya malala ya haɗe ƙafafu biyun da nake nema.

Sista ta leƙo ta kafaɗata. "Wannan ɗan abin?"

"Shi ne, Sista."

Na ɓare ginin da tsinken sakace, kaɗan-kaɗan. Na roƙi tsohon buroshin haƙori da sifirit irin na asibiti, wannan kuwa ba a rasa shi a gidanta. Na wanke, na kai bakin taga inda rana ta ɗan leƙo, muka zauna muna jira ya bushe. Ta kawo mini kunun gyaɗa. Na sha. Da ya bushe na duba, sai na ga tsatsa ta cinye ƙafa ɗaya, saura ƙiris ta rabu da faranti. Dole a yi mata gada da silin waya, siririya kamar gashi, a ɗiga dalma a wurin da bai kai ƙwayar gero ba. Idona ba na da ba ne. Na sa tabarau, na matso, na ja baya, abin yana rawa. Sista ta cire nata na karatu ta ɗora mini a kan nawa. Da tabarau biyu na yi ɗinkin nan, ita tana riƙe da tocila, hannunta ko motsi ba ya yi. Na ce, "Sista, hannunki ya fi nawa." Ta ce, "Na riƙe abin da ya fi wannan santsi."

Na ɗora mita a ƙafafun. Sun rabu. Amma ko muryar tana nan, mita ba ta da abin da za ta ce a kai. Na faɗa mata haka, don kada ta sa rai da yawa. Ta ce in bari sai ranar gashi ta gaba, in zo da safe.

Ranar gari ya waye tas, an sha ruwa an ɗauke, gwaiba tana ɗiga. Na mayar da allon mazauninsa, na soka soket, na duba mita: sittin. Na ɗaura batir, na tattara kayana na sa a but don in share hannu. Na ce, "Sista, ga makulli. Ni zan jira a waje."

"A'a. Zo ka kama mini Baba tukuna."

Muka ɗauko shi tare, muka zaunar da shi a gaba, na gyara masa ƙafar da ba ta jin magana. Ta zagaya ta shiga. Na tsaya a gefen tagarta, hannuna a bayana. Ta daɗe da yatsa a kan makunnin. Sannan ta taka birki ta danna.

Ƙas, ƙas. Koren haske. Allon ya yi baƙi, ya yi shuɗi, wata alama ta fito tana juyawa. Ta yi ta juyawa har na fara lissafin abin da zan ce mata. Sai muryar saurayi ta cika motar, da dariya a cikinta:

"Mama, barka da fitowa. Ki sa bel. Kuma don Allah ban da gudu, na san halinki. Baba, ka sa mata ido."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Baba Yakubu. Na ɗauka shaƙewa ya yi, na kai hannu ga ƙofa, sai na ga dariya yake yi, da rabin fuskarsa, hawaye yana bin ɗaya rabin. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ta da yatsa, yana kaɗawa.

Sista ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar. Ta jawo bel ta soka.

"Na ji, Iliya," in ji ta. "Na sa."

Na buɗe musu get. Motar ta zame ta fita, ta bi ta cikin ruwan da ya kwanta a layi, sararin sama yana rawa a cikinsa, ta sha kwana wajen masu kekuna. Ina tsaye a wurin har mai kosai ta tambaye ni ko lafiya. Sai a lokacin na tuna jakar kayana tana but.

Da yamma ta kawo mini ita nan garejin, Baba yana gefenta yana gyangyaɗi. Ta sauke gilashi ta miƙo mini ledar gwaiba, ta ce in buɗe but in ɗauki kayana. Na ce, "Sista, ya motar?"

"Motar lafiya," in ji ta. "Yaron ne dai. Duk inda na tsaya na tashi sai ya yi mini faɗa."